Wayar da Milan Ya Zura ta Bango

"Ɓarawo! Yayanka bai shekara a ƙasa ba ka shigar masa ɗaki!"

"Rufe mana baki, tsohuwar banza! Rabin dutsen nan nawa ne, tare muka haƙa ramin. Abina zan sata?"

Haka Sufeto Glenys Pascoe ta tarar da su da ta gangaro matakalar gidan Vesna. Gidajenmu na Coober Pedy, garin masu haƙar duwatsu masu daraja, a cikin ƙasa suke, ihu ba shi da wurin gudu, sai ya daki bango ya dawo kunne. Vesna, matar marigayi Milan, ta ɗaga ludayi sama. Drago, ƙanin marigayin, ya cika ƙofa da tumbinsa. Matarsa Tula na bayansa ta harɗe hannu, ba ta ce uffan ba, abin da garin nan bai taɓa gani ba.

"Ajiye ludayin," in ji Sufeto. "Me ya ɓata?"

Dutsen opal ne, irin mai tsadar nan mai walƙiya, mai girman ƙwan kaza, wanda aka ɓamɓare daga hannun Milan ranar da rami ya rufta da shi. Ran Asabar za a yi addu'ar shekara, kuma Vesna ta rantse sai an liƙa dutsen a jikin kabarinsa kafin ranar. Da safe ta fito da shi ta ajiye kan tebur don magini zai zo ya auna, ta tafi coci suyar abincin taro. Ta dawo ta ga tebur wayam.

Sufeto ta duba ƙofa. Ba a taɓa kwaɗon ba.

"Wa ke da makulli?"

"Su!" Vesna ta nuna da ludayin. "Milan ne ya ba su, Allah ya jiƙansa, bai san mutane ba."

Kan teburin akwai kwamfuta, fuskarta baƙi ƙirin. Wata shuɗiyar waya ta fito daga ƙarƙashin tebur ta shige wani ɗan rami a bango.

"Wannan fa?"

"Aikin yayana ne," in ji Drago. "Bayan bangon nan falonmu ne. Layin tarho ɗaya ne, nata. Sai ya huda bango ya haɗa kwamfutarmu da tata, muna shan intanet daga nan kamar maraƙi da uwarsa."

"Kamar kaska dai," in ji Vesna.

Sufeto ta tasa mata da miji zuwa gidansu. Ta zaunar da Drago.

"Ina kake tun safe?"

"Ina rami, ina aiki."

Ta kalli takalmansa. Wanda ya shiga rami a garin nan sai ya fito fari fat har gashin hanci. Takalman Drago kuwa mutum zai ga fuskarsa a ciki.

"Ramin naka da famfon giya a ciki? Daga nan nake jin warin."

Drago ya saci kallon matarsa, ya sosa ƙeya. "Kulob na je. Karta kawai muka buga."

"Maƙaryaci!" Tula ta samu bakinta. "Ka ce min rami za ka! Ni kuwa, Sufeto, ko ƙofa ban leƙa ba. Ina nan zaune muna hira da 'yata Irini ta Adelaide. Zo ki gani da idonki."

Ba wanda ya tambaye ta fa. Ta ja Sufeto gaban kwamfuta, ta danna nan ta danna can, saƙonni suka jeru. Ta aika, 'yar ta amsa, ta sake aikawa, tun hantsi har rana ta karkata, duk gulmar surukar Irini ce da yadda ba ta iya wanke kwano ba. Sufeto ta karanta biyu, ta ce ya isa.

Ta koma gidan Vesna don ta buga wa kulob waya. Tana ɗaga kan tarho sai ƙara ta soke mata kunne, ƙiiii, kamar ana yanka ƙarfe.

"Kin ji ko?" in ji Vesna. "In wannan matar ta hau intanet, ko gobara ce ba ni da tarho. Shi ya sa yau da safe na..." Sai ta dafe kai.

"Kika yi me?"

"Na zare fulogin kwamfutata! Wallahi da hannuna na zare shi kafin in fita. Ran Lahadi Tula ta ce wa matan coci wai sa dutsen a kabari neman suna ne. Na ce to, yau ta yi hira da bango."

Sufeto ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin tebur. Akwatin kwamfutar na ta gurnani a hankali, ga ɗumi. Fulogi na zaune daram a soket.

Ta zare shi. Tarho ya dawo hayyacinsa. Mai sayar da giya a kulob ya ce Drago tun buɗe ƙofa yake wurin, an cinye shi tas, har ya zagi uwar kowa.

"Biyo ni," ta ce wa Vesna. "Ludayin ya zauna."

Tula na zaune inda aka bar ta.

"Aika wa Irini saƙo yanzu. Ki ce ina gaishe ta."

Tula ta yi tsaki, ta buga, ta danna. Shiru. Ta sake dannawa da ƙarfi.

"Abin ya tsaya."

"Me ya sa?"

"To in ta can a kashe take, tamu ai ba ta..." Ta haɗiye sauran.

"Ƙarasa mana. In ta can a kashe take, taku gawa ce. Vesna ta zare fulogi kafin ta fita, ta kulle gida. Ke kuma kin wuni kina hira da Adelaide. Wa ya mayar da fulogin?"

"Drago ne!"

"Drago na kulob ana cinye masa wando."

"Ke!" Drago ya miƙe tsaye. "Ni za ki liƙa wa?"

"Zauna," in ji Sufeto. "Tula, hira ta yanke miki, kika ɗauki makulli kika shiga don ki kunna. Kin zaci wuta ce ta ɗauke. Kika durƙusa, kika ɗago, sai ga dutse a gaban hancinki. Yana ina?"

Tula ta harari faccalarta. Sannan ta cusa hannu cikin rigar mama ta fito da shi. Fitila ta dake shi, kore da ja suka watsu a bango.

"Nawa ne," ta ce. "Tun kafin wannan ta sauko daga motar Adelaide da akwatinta na kwali, ni Milan yake nema. Ya ce ranar da ya samu dutse mai wuta, ni zai bai wa. Ya same shi, yana riƙe da shi ya mutu. Wa kike zaton zai kai wa? Ke kuma, Vesna, za ki dama shi cikin siminti!"

Vesna ta yi kukan kura, Sufeto ta tare ta da kafaɗa, ta karɓe dutsen.

"Vesna, za ki same shi kafin Asabar. Tula, tashi mu je ofis."

Drago bai motsa ba. Fuskarsa ta yi fari kamar yau ne ya shiga ramin da gaske.

"To ni fa?" ya ce. "Duk shekarun nan, ni mene ne?"

"Kai ne ƙaninsa," in ji Tula. "Ɗauko min jakata da maganin hawan jini."

Sufeto ta riƙe mata hannu, suka fara hawa matakala. Drago ya sunkuya ya damƙi shuɗiyar wayar, ya yi ta ja har ta fito daga bango gaba ɗaya da ƙurarta, ya watsar a ƙasa. Ya bangaje su ya wuce gaba.

"Drago! Jakata na ce!"

Ya fita ya buga ƙofar a fuskarta da ƙarfin da ya sa ƙasar rufi ta zubo musu a ka.