Rakoda Mai Jan Maɓalli

"Ki tsai da hannunki mana, 'yan mata, kada ki yar min da kaya!"

Sai da Malam Mamman mai rediyo ya faɗi haka sannan Zuliha ta lura kayan mutane na neman suɓuce mata. Ta yi maza ta mayar da rakodar kan tebur, ta goge tafinta a zani.



Jiya da la'asar, tana layin karɓar jar dawar taimako, Bukar direban babbar mota ya matso kusa da ita ya damƙa mata kaset a naɗe cikin tsumma.

"Daga Tamanrasat ta Aljeriya, daga Mala," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ya rantsar da ni in ba ki hannu da hannu. Jibi da hantsi zan juya. Ya ce in na koma babu amsarki a kaset, to ya gane, ba zai ƙara damunki ba."

"Lafiya dai yake ko?"

Bukar ya kau da kai.

"Ki dai saurara."

Mala baduku ne, ɗan Barebarin unguwar Birni, kuma shi aka sa wa rana da Zuliha kafin fari ya sauka a Damagaram. Da dabbobi suka ƙare, masu sayen jaka da takalmi suka koma neman abin kai wa baki, ga iyakar Najeriya a rufe, sai ya bi motocin arewa neman aiki. Wata goma sha ɗaya ke nan ko gaisuwa babu. Ita ba ta shiga lakwal, makarantar boko, ba, shi ma haka, don haka babu zancen wasiƙa. Mahaifinta, Malam Sallau tela, ya gaji da jira, ya ce ranar Juma'a zai mayar wa dangin Mala kayansu.

Ga kaset ya zo, ga shi babu abin jinsa a gidansu. Shi ya sa ta kwance awarwaron azurfa da kakarta ta bar mata, ta nufo kasuwar Dole ba tare da ta gaya wa kowa ba.

Rumfar Malam Mamman cike take maƙil. Duk rediyon mutanen ƙauyukan Tirmini da Dakusa ne, sun kawo sun rabu da su don su sayi hatsi. Ya jinjina awarwaron a tafinsa, ya jawo guda uku ya jera mata.

"Azurfarki za ta ɗauki ɗaya a cikin waɗannan. Ga babba, lasifika biyu, in kika kunna ta har maƙwabta sai sun yi rawa. Amma wajen batir, pil shida take ci, kuma ba ta ƙoshi."

Zuliha ta girgiza kai. Ina za ta ɓoye wannan uwar akwati?

"To ga 'yar auta." Ya ɗaga wata da ba ta fi tafin hannu ba, da siririyar waya mai kai biyu. "Wani kwandasta ya zo da ita daga Libiya. Ki toshe wannan a kunne, ke kaɗai za ki ji, ko wanda ke zaune jikinki ba zai san me ake ciki ba."

Idonta ya tsaya a kanta.

"Sai dai fa ba ta ɗaukar magana," ya ƙara. "Ji kawai. In ɗauka kike so, ga ta tsakiya, mai jan maɓallin nan. Tana ji tana ɗauka, amma ba ta da abin kunne, a fili take maganarta."

"Ba a rage muryar?"

"Abin ragewar ya ɗan lalace. Ko ta yi shiru, ko ta yi shela."

"Laaa! Ƙawata! Ke ce a nan?"

Zuliha ta runtse ido. Ko ba ta waiwaya ba ta san muryar Barira, 'yar maƙwabtansu, wadda yayanta Suma'ila ne kaɗai mai rakoda a duk lungunsu. Barira irin mutanen nan ce da ke yi maka jaje tun kafin abu ya same ka. Kuma kowa ya san tun suna yara idonta na kan Mala, ita ce dai take ganin babu wanda ya sani.

"Ai na ga Bukar jiya yana miƙa miki abu," ta ce tana dafa kafaɗarta. "Haba ƙawata, da kin kawo gidanmu an sa miki, me ya kai ki asara?"

"Na gode."

Barira ta sunkuyo daidai kunnenta.

"To in kin ji shawarata, ɗauki ƙaramar. Abin da ke cikin kaset ɗin nan ba na kunnen jama'a ba ne. Na sha gaya miki, wata 'yar can ya aura. Ki ji abinki ke kaɗai, ki yi kukanki ki share, babu wanda ya sani."

Maganar ta soki Zuliha, don abin da take tsoro ke nan tun jiya. In sallama ce Mala ya aiko, ya za ta yi a ce uwarta ta ji, Baba ya ji, katangar maƙwabta ma ta ji?

Ta miƙa hannu ta ɗauki ƙaramar.

"Kawo kaset ɗin naki mu gwada ta," in ji Malam Mamman.

Ta dafe ƙugunta inda ta soke shi.

"A'a!"

Mai hankali da ya saurara a nan take ya huta. Amma a tsakiyar kasuwa, Barira na tsaye tana jiran ta karanta fuskarta? Gara ta mutu da zulumi.

Malam Mamman ya dube ta, ya dubi Barira, ya sosa gemu.

"Ni dai ɗan kasuwa ne, ƙanwata, ko wacce kika ɗauka na sayar. Amma wannan ta wanda ba shi da amsar bayarwa ce."

Zuliha ta tsaya cak.

Sai yanzu ta ga abin da take shirin yi. In ta fita da ƙaramar nan, ta yanke wa Mala hukunci tun ba ta ji bakinsa ba. Ko alheri ya faɗa, da me za ta amsa? Gobe Bukar zai tafi hannu rabbana.

A hankali ta ajiye ta.

"Ba ni mai jan maɓallin."

"Ƙawata, ki yi tunani..."

"Na yi."

Ya zuba mata pil huɗu yana gargaɗi: "Ba sababbi ba ne, sababbi sun yi wuya. Ki yi tattali, kada ki tsaya jin kiɗa."

Ta lulluɓe ta cikin mayafi ta kama hanya. Dabararta ita ce ta jira Baba ya fita sallar la'asar, ta shige ɗakin ajiya inda buhuna suka daɗe da ƙarewa, ta danne lasifikar da tsumma. Har ta bi ta doguwar hanya don kada a gan ta. Wannan ne ya ba Barira damar riga ta isa.

Tana sallama ta ga Baba zaune a tsakar gida, ya bar keken ɗinkinsa a zaure. Inno, mahaifiyarta, na gefe ta yi tagumi. Barira na kusa da ita, ta sunkuyar da kai kamar ta zo gaisuwar mutuwa.

"Fito da ita," in ji Baba.

Zuliha ta durƙusa, ta yaye mayafi.

"Ina awarwaron kakarki?"

Ta nuna rakodar.

"Sau ɗaya muke ɗora tukunya a wuni, ke kuma kiɗa kika je saye? Zuliha! A wannan shekara?"

"Ba kiɗa ba ne, Baba..." Ta zaro kaset ta ajiye gabansa. "Saƙo ne... daga can."

Ya daɗe yana kallon kaset ɗin.

"Sa shi."

"Baba, don Allah..."

"A nan! In mutumin kirki ne, ba zai faɗi abin da ubanki ba zai iya ji ba."

Wayyo Allah! Abin da ta guda tun safe, ga shi ya same ta a gaban kowa, har da Barira. Sau biyu kaset ɗin na suɓucewa kafin ta iya zura shi. Ta danna.

Aka ji huci kamar na iska, sai tari, sai muryarsa ta cika gidan.

"Assalamu alaikum. Ni ne Mala. Ina gai da Baba Sallau, ina gai da Inna, in suna kusa. Zuli... Zulina, wannan ne kaset na uku da na aiko miki."

Inno ta ɗago kai.

"Biyun farko na ce a kai gidan su Suma'ila, a ba Barira ta kira ki ku saurara, tun da suna da abin ji. Ban ga amsa ba. Na ce ko fushi kike..."

Duk ido ya koma kan Barira.

"Ai... ai rakodar ce ta cinye zaren," ta ce tana miƙewa. "Wallahi na so in faɗa... bari in duba tukunya."

Ko sallama ba ta yi ba ta fice.

Zuliha ta ji wani sanyi ya ratsa ta, ashe bai manta da ita ba! Amma sanyin bai daɗe ba, don muryar ta canza.

"Zuli, ba zan ɓoye miki ba. Wata huɗu da suka wuce na faɗo daga saman gini. An ɗora ƙafar amma ta kama a karkace, da sanda nake tafiya. Abin da na tara duk ya tafi wajen magani. Ba ni da komai, hasken idona, sai hannuwana biyu. In kin ce a'a, wallahi ba ki yi laifi ba, kuma ba zan riƙe ki ba. Ba sai kin wahalar da bakinki ba, ki bar Bukar ya dawo haka nan. In kuwa... in kuwa har yanzu... na bar miki ɗaya gefen kaset ɗin babu komai."

Muryar ta fara ja, tana yin kauri kamar ta mai jin barci. Baba ya miƙa hannu ya kashe.

Hawaye na zuba a fuskar Zuliha, ba ta ko share ba.

"Allah sarki, yaron kirki," in ji Inno tana matse ido. "Amma Malam, a duba. Ƙafa babu, hannu babu komai, shekara ga yadda take. Me za su ci? Ni ban haifi 'ya don in kai ta yunwa biyu ba."

Baba ya jawo rakodar. Ya zare kaset, ya zura ɗan yatsa ya murza zaren da hannu don kada a ci pil, ya juya shi ya mayar. Sannan ya tura rakodar gaban 'yarsa.

"Kin ji shi, kin ji uwarki. Pil ɗin nan mutuwa suke. In kina da magana, ga ta. In babu, kayansu na nan a ɗaure, Juma'a kuma ba ta da nisa."

Ya tafi ya ba ta wuri mana! Ina, ko motsi bai yi ba.

Zuliha ta danna jan maɓallin. Zare ya fara juyawa.

Bakinta ya ƙi buɗuwa. Tun da aka sa ranar nan ba ta taɓa kama sunansa a gaban Baba ba, ko a gaban Inno sai dai ta ce "shi". Yanzu a ce ta kira shi, ta roƙe shi, ubanta na zaune yana kallonta? Kunya ta rufe ta, zare kuwa sai tafiya yake, yana ƙara sanyi.

"Zuliha," Inno ta ce a hankali, ba a san ko hani ba ne ko tura.

Ta rufe ido.

"Mala... ka dawo."

Da ta samu ya fita, sai sauran ya ɓalle.

"Ka dawo, ko da rarrafe ne! Ban ji kaset ɗinka ba, ban yi fushi ba, ban daina jiranka ba ko na wuni ɗaya. Abin da muke ci shi za ka ci..."

Kuka ya ci ƙarfinta. Sai Baba ya sunkuyo, ya yi gyaran murya.

"Mala, Sallau ne. Na ji ka, na kuma ji ta. Keken ɗinki ne ke neman ƙafa, aikin fata hannu yake so. Ka biyo Bukar, na ba ka."

Ya ɗago, sai suka ga zaren a tsaye. Tun yaushe ya tsaya, babu wanda ya lura. Zuliha ta danna wannan ta danna wancan, ko motsi. Ta fitar da pil ta shanya a rana, ta mayar, shiru. Ta je rumfar Malam Mamman ta tarar ya rufe, gidan su Barira kuwa ko da kuɗi ba za ta taka ba.

Haka ta miƙa wa Bukar kaset washegari da hantsi, ba ta san ko akwai murya a ciki ko babu ba.

Kwana arba'in da uku ta yi tana ramewa. In ta ji ƙugin babbar mota sai ta fito ƙofa ta leƙa. In Inno ta ce ta ci abinci, sai ta ce ta ƙoshi, a shekarar da babu mai ƙoshi.

Ranar na arba'in da huɗu, tana tankaɗe a tsakar gida, ta ji ƙwas... ƙwas... ƙarar sanda a zaure, sai sallama. Rariyar ta faɗi daga hannunta.

Juma'a biyu bayan nan aka ɗaura aure, babu kiɗa babu taro, dabino kawai aka raba. Inno da ta fi kowa ja, ita ta fi kowa rawar ƙafa.

Sai da suka kwana biyu a ɗakinsu sannan ta iya tambayarsa. Yana zaune bakin ƙofa da hantsi, ya miƙe ƙafar, yana yankan fata.

"Wai me ka ji a kaset ɗin nan?"

Ya yi murmushi.

"Shiru mai tsawo, har na fara kuka. Sai na ji kin ce, Mala, ka dawo. Daga nan sai gurnani, sai ɗif."

"Shi ke nan? Maganar Baba fa?"

Ya ajiye wuƙar.

"Wace magana?"

Zuliha ta dafe ƙirji.

"Kana nufin ba ka san ya amince ba? Ka ratso Sahara da ƙafa ɗaya, ba ka san ko korarka za a yi a zaure ba?"

"Ban sani ba, Zuli."

"To da wane ƙarfin hali ka taho?"

Ya dube ta kamar ta yi tambayar yara.

"Ke kika ce in dawo."