Albasar da Manzo Ya Rufe a Rumbu

Har yau in aka ɗauko zancen auren Mumuni da Zuhura a Urafan, sai ka ji an ce asiri ne. Wai wani malami ya yi wa Mumuni aikin da ya juya zuciyar uban yarinyar cikin wuni guda. Sai dai masu faɗin ba su taɓa haɗuwa kan malamin ba. A bakin wannan na Tasawa ne, a bakin wancan na Kanan-Bakashe. Tsofaffin matan zuri'ar kuwa, ko ɗaya-ɗaya aka tambaye su, labari guda suke bayarwa.

Kafin Nasara su iso ƙasar ne, ran wata kasuwa a farkon bazara. Zuhura ɗiyar Manzo ta rako gwaggonta Zara'u mai sayar da daddawa, sai ta hangi wani saurayi yana sauke mangala daga kan jakkai uku. Da ya kwance, sai ga albasa fara tas kamar ƙwan zabi. Ita ja kaɗai ta sani.

Ta ɗauki guda ta juya. "Mai jakkai, wannan ciwo ta yi ta koɗe haka?"

"Haka Allah ya yi ta a Gulbin Maraɗi," in ji shi. "Ba ta da yajin ja. Ki soya ta da man shanu, narkewa take cikin miya. In ba ki ji daɗi ba, kasuwa mai zuwa ki zo ki zage ni."

Kasuwa ta zagayo, Zuhura ta zo, amma ba zagi ta kawo ba. Sunansa Mumuni. Shi kuma tun ran nan ya raɗa mata Hasken Kasuwa. Kafin wata ya mutu, kawunsa ya kai goro gidan Manzo.

Manzo mutum ne da ake kwatance da shi wajen ajiya. A shekarar yunwa hatsinsa ya ciyar da unguwa guda. Wakensa kan shekara biyu cikin rumbun laka, an cuɗe shi da toka an liƙe baki, ko ƙwaro ɗaya ba ya shiga. Da ya ji albasa na wuya da damina, sai ya ba Mumuni dammunan hatsi, ya karɓi mangala guda.

Mumuni ya ce, "Baba, wajen ajiyarta akwai abin da..."

"Kai yaro! Ni za ka koya wa ajiya? Tun ubanka na wasan ƙasa nike liƙe rumbu."

Mumuni ya sunkuyar da kai. Mai neman aure ba ya ja da suruki. Manzo ya zuba albasa cikin rumbun laka, ya bi ta da toka, ya liƙe.

Bayan kwana arba'in aka buɗe. Wari ya kori har awakin maƙwabta. Albasa ta zama ruwa.

Manzo ya ce an cuce shi. Ya sa aka mayar da goro, ya ce wanda ya sayar wa suruki ruɓaɓɓen kaya ba zai riƙe ɗiyar mutane da amana ba. Zuhura ta yi kwana uku ba ta iya haɗiye tuwo.

Akwai Rabo, ɗan mai unguwa, wanda ya daɗe yana zagayen gidan. Da ya ji labari, ya sa aka kawo masa mangalar farar albasa daga wani falke dabam, ya dire a ƙofar gida.

"Baba Manzo, ga ta kirki. Ka ajiye ka ga bambancin ɗan gida da baƙo."

Zuhura na leƙe ta jikin darni. Ta ga ubanta ya sa an ɗauraye rumbun nan, an shanya, an tanadi toka. Wani abu ya tsaya mata a rai: maganar da Mumuni ya fara aka katse shi. Ta fito ta durƙusa.

"Baba, a bar mana ƙwarya biyu ta miya."

Aka ɗibar mata. Rabo ya washe baki, ya bi gari yana cewa yarinya ta karɓa da hannu biyu.

Ran kasuwa Gwaggo Zara'u ta dawo da saƙon Mumuni, ta faɗe shi yadda aka ba ta.

"Ya ce: 'Hasken Kasuwa, na ji kin karɓi albasar Rabo da hannu biyu. Allah ya sa alheri. Ni da jakkaina mun gode da zaman da aka yi.'"

Hawaye suka cika wa Zuhura ido, ta share da gefen zane. "Gwaggo, ki koma ki ce da shi: 'Mai jakkai, na karɓa. Yanzu ka gaya man yadda ake ajiye ta.'"

"Ke 'yar nan, ki ji tsoron Allah! Ki ƙona shi, ki kuma ce ya hura?"

"Ki dai kai."

Da la'asar gwaggo ta dawo tana dariya har da riƙe ƙugu.

"Sai da ya zagaya jakinsa sau biyu yana huci. Sannan ya ce: 'Ko ta maƙiyina ce ba ni so in ga albasa ta lalace. A zaɓi wadda wuyanta ya bushe, ɓawonta na ƙara in an taɓa. Kada a wanke. A ɗaga gadon kara sama da ƙasa, cikin inuwa, inda iska ke ratsawa. A baza, kada a hau da wata kan wata. Kullum a juya, wadda ta yi laushi a fidda ta a ci. Fara ta fi ja saurin fushi, fatarta ba kauri. Kuma ki ce mata ban huce ba.'"

Zuhura ta kafa 'yar rumfar zana bayan madafi, ta ɗaura gadon kara, ta baza albasar Rabo. Kowace safiya in ta gama surfe sai ta je ta juya su. Da ruwan farko ya sauka, ta ƙara zana ta gefen gabas. Wasu ranakun in ta tarar da guda ta yi laushi gabanta kan faɗi, don in tata ma ta ruɓe, ba ta da sauran abin nunawa.

Da kwana arba'in suka cika, Manzo ya kira Liman da Rabo, don a shaida cewa laifin na Mumuni ne. Ya fasa liƙin da hannunsa.

Liman ya ja da baya ya toshe hanci da rawani. Rabo ya tuna yana da uzuri a gona.

Manzo ya koma zaure ya zauna. Can aka shigo da akushi: dafaffen wake, an zuba man shanu, an yanka farar albasa ɗanya a kai. Ya kai loma, ya ji ta ƙaras a haƙori. Ya tsaya da tauna.

"Wannan daga ina?"

Zuhura ta durƙusa bakin ƙofa. "Cikin ta Rabo ce, Baba. Ƙwarya biyun da ka ba ni."

Ya tashi ya bi ta bayan madafi, Liman na biye. Ya ɗauki guda ya matsa, ya ɗauki wata ya shinshina. Ya duƙa ya leƙa ƙarƙashin gadon, ya ga iska na wucewa.

"Wa ya koya maki?"

Gwaggo Zara'u, da yake ita ce yayar Manzo, ta amsa daga bakin turmi.

"Wanda ka rufe wa baki kamar rumbu. Manzo, tun kana ƙarami in ka iya abu guda sai ka ce ka gama duniya. Albasa wake ce?"

"Yaya, gaban Liman?"

"Gaban Liman ka kira yaron mutane macuci."

Manzo ya mayar da albasar kan gadon. Sannan ya juya ga Liman ya ce, "Malam, na ɗauki alhakin bawan Allah. Ran kasuwa ka raka ni."

Ran kasuwa suka tarar da Mumuni yana kwance kaya. Manzo ya nemi gafara a ƙasa-ƙasa, ya ce a maido goro. Da yamma Gwaggo Zara'u ta kawo saƙon da ya fi kowane gajarta: "Hasken Kasuwa, na huce."

Bayan kaka aka ɗaura. Ran da za a kai amarya, Manzo ya dafa kanta ya ce, "Allah ya yi maku albarka, ya ba ku zuri'a mai jin magana, ya sa ku fi ni saurare." Mata suka rangaɗa guɗa, Zuhura na kuka tana dariya cikin lulluɓi.

Manzo bai taɓa ba mutanen gari labarin rumbun ba, Liman ya riƙe masa sirri, Rabo kuwa ya fi son a ce asiri ne. Babu malamin da Mumuni ya je wurinsa. Farar albasa iska take so, Manzo ya liƙe ta cikin laka sau biyu ta ruɓe, ɗiyarsa ta baza tata a inuwa ta zauna lafiya.