Takalmi a Kife

Wata uku ke nan Jucilene ba ta kira mahaifiyarta ba, wai karatun jami'a da hayaniyar birnin São Paulo sun sha mata kai. Ƙarfe biyun dare tana kan littafi, sai ta ji ana tafi a ƙofar gidan ɗalibai, irin sallamar ƙauyensu mai nisan tafiyar kwana biyu.

Ta leƙa ta taga. Wata tsohuwa ce tsaye, hannuwanta naɗe cikin mayafi, amma tafin bai tsaya ba.

"'Yar nan, sau nawa zan gaya miki? Takalmi a kife uwa yake kashewa."

Jucilene ta waiwaya. Ga warin silifas ɗinta a kife ƙarƙashin gado, duk ƙura.

"Mama?"

"Bar shi kawai, yanzu kam an riga an makara," in ji tsohuwar a hankali.