Ɓarawon Matattun Maruƙa

Guguwar ƙanƙara ta lafa ranar Talata. Washegari da hantsi Loretta Buchholz ta bugo waya caji ofis, wai an sace mata matattun maruƙa.

Insifeta Darla Vetter ta iske ta a bakin shinge, rungume da yarinya, shanu na ta kuka a bayanta.

"Nan na tara su jiya, duk sanyi ya kashe," in ji Loretta. "Tun da mijina ya rasu ban iya biyan inshora ba. Jibi ma'aikacin tallafin gwamnati zai zo, in bai ga gawa ba, ko sisi. Sai dai in sayar da filin in kwashi 'ya'yana."

Insifeta ta duƙa. An yanke wayar shingen an sake ɗaurewa, ga sawun tarakta ya miƙe zuwa gidan maƙwabci, Wendell Krantz. Ta dubi yarinyar, sa'ar ɗanta ce. Ranta ya ɓaci.

Da ta isa gidan, Wendell ya tare ta da fara'a. "Insifeta da kanta! Shigo ki sha kofi."

"Riƙe abinka. Taraktarka ta fita jiya?"

"Tun Lahadi ta ƙi tashi."

"Ashe tayoyin su kaɗai suka je yawo, ga ɗanyar laka."

Bayan rumbun ciyawa ta tarar da tulin maruƙa, kowanne da lambar Wendell a kunne. Ba su isa a yi musu tambarin wuta a fata ba, lambar ce kaɗai shaida. Ta ɗaga kunne ɗaya. Huji biyu: tsoho, da sabo wanda ko ɗigon jini babu.

"Mai rai in an huda shi, jini yake yi," ta ce wa Wendell, wanda ya biyo ta.

"Sanyi ne ya daskarar. Nawa ne, 'yar nan. Kawo hujja, ko ki bar mini gida."

Insifeta ta buga wa Loretta waya. "Kwance wayar shingen nan, ki saki shanunki."

Ba a jima ba sai ga su a guje, hantsa ta cika ta yi tauri. Wata jar saniya ta kutsa cikin tulin, ta sansana wannan, ta ture wancan, ta tsaya kan wani ƙarami tana lasarsa tana gurnani. Sauran suka biyo, kowacce ta nufi nata. Shanun Wendell kuwa suna can suna cin ciyawa, ko kai ba su ɗaga ba.

Loretta ta iso tana haki. "Wendell! Da kai aka ɗauki gawar mijina! Abincin marayu za ka ci, tsohon banza?"

Ya cire hula, ya mayar. "Nawa kaɗan suka mutu, tallafin ba zai kai ni ko'ina ba. Na ce ke mace ce, ko yaya sayar da filin za ki yi." Ya juyo. "Haba Insifeta, mushe ne fa! Wa ake ɗaurewa kan mushe?"

"Kai. Miƙo hannu."

Ta ɗaura masa ankwa ta tura shi mota. Loretta ta zaro wuƙa za ta yanke lambobin.

"Kar ki taɓa ko ɗaya," in ji Insifeta. "Kawo wa shanun ciyawa nan, su zauna har jibi. Ma'aikacin ya zo ya tambaye su da kansa."