Ƙarar Da Ke Fita Daga Bakina

Na farka daga barcin rana da wani abu mai tauri a kan harshena. Da na tofar a tafin hannu, sai na ga guntun haƙorina ne, da ɗan jini a jikinsa.

Sai a lokacin na lura da su. Mata huɗu tsaye a bakin ƙofa, ba wadda ta yi sallama. Rukayya ce a gaba, 'yar kawun Jabiru, wadda tun ranar da aka sa mana rana ni da shi ta daina amsa gaisuwata.

"Kun dai ji da kunnuwanku," ta ce a hankali. "Tamna takai..."

Ban tambayi me nake taunawa ba. Na sani. Wata uku ke nan Hajiya, mahaifiyar Jabiru, tana ramewa, ba ta iya cin komai sai koko, kuma duk Ƙaura an san idan mutum na bushewa haka, to wani ne ke cin kurwarsa. Ga ni baƙuwa daga Galadi, ba uwa ba uba, ina zaune a gidan gwaggona, kuma da na rufe ido haƙorana su fara guga kamar dutsen niƙa. Rukayya ba ta sha wahalar haɗa lissafin ba.

Ni kaina tsoron barci nake. Shi ya sa nake yini da goro a kumatu, ina ɗura shayi mai sukari kofi bayan kofi, har haƙoran suka yi ja, dasashina na jini. Idan barcin ya ci ƙarfina kuwa, in tashi da muƙamuƙi a sage da kai kamar zai tsage.

Jabiru ya zo bayan la'asar, idanunsa sun kaɗa. Ya ce kawunansa sun yanke magana: gobe da hantsi in je in tsallake Hajiya sau uku, kamar yadda ake sa mai maita ya saki kurwar da ya kama. In na ƙi, ba aure.

"In na tsallake fa?"

Mu duka mun san amsar. Wadda ta tsallake ta amsa sunan, kuma sunan zai bi 'ya'yanta.

"Zuhura, hasken raina... ni ban yarda ba. Ki ce mu tahi Gusau, yanzu mu tahi."

Wallahi na so in ce to. Ina son Jabiru son da har yake ba ni haushi. Amma na ce masa na riga na gudu daga gari ɗaya, ƙafata ta gaji.

Washegari na tarar da ɗakin Hajiya cike, ga hayaƙin turare, ga shiru. An shimfiɗe ta a tabarma, ta zama ƙashi da fata. Jabiru ya ratso maza ya tsaya kusa da ni, kawunsa na harararsa.

Ban ɗaga ƙafa ba. Na durƙusa, na faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Jabiru. Ranar da 'yan bindiga suka shigo mana, a cikin rumbu na ɓuya. Ina jin muryar ƙanena Mujahid yana kirana, suna jansa. Na cusa gefen zanena a baki na datse, don kada in amsa. Ban amsa ba. Shekara biyu ke nan, kuma duk sanda na yi barci bakina komawa yake cikin rumbun nan.

Rukayya ta fara cewa ai kowa ya iya tsara labari, sai ga wata ƙara ta katse ta.

Ƙurrr... ƙurrr...

Ƙarata ce, wadda ake ba ni labari, amma ni ga ni a farke, bakina a buɗe. Matan suka ja da baya, wata ta fara salati.

Daga tabarma take fitowa.

Hajiya ta buɗe ido, ta naɗe ƙafafunta a hankali. Ta kamo hannuna ta sa yatsana a bakinta. Na ji turamen haƙoranta sun siɗe, wasu sun fashe, dasashin ya kumbura yana zafi.

"Tun ran da 'yan bindiga sunka ɗauke maigidana Alhaji Sanusi bisa hanyar Zurmi," ta ce. "Ba kurwata aka ci ba. Abinci na ban iya tamnawa, kuma kunya ta hana ni hwaɗi." Ta dubi 'yan ɗakin ɗaya bayan ɗaya. "Wagga ɗiya ba ta tsallake ni. In mayya ta, to mu biyu na."

Rukayya ta sulale, ko takalminta ba ta sa daidai ba.

Gusau ɗin dai mun je, mu uku. Likitan haƙori ya cire wa Hajiya biyu, ya yi mana robar da ake sawa a baki lokacin barci, ya raba ni da goro da sukari, ya kuma ce abin da ke cikin rai sai an riƙa faɗinsa. A mota Hajiya ta riƙe hannuna har muka iso Ƙaura.

Bayan biki da kwana biyu, barci ya fara fizgata da rana, na yi ta mutsu-mutsu ina neman aikin yi. Jabiru ya zaunar da ni, ya ɗora tafinsa a kumatuna.

"Kwanta, amaryata. In Mujahid ya kira ki, ki amsa mishi. Ina nan."

Na yi barci har la'asar. Da na farka, Jabiru na zaune inda na bar shi, fuskarsa sharkaf da hawaye. Ya ce sau uku na ce na'am.