Gizo-gizon Bakin Tafki

Ƙarfe takwas da 'yan mintuna na safiyar Litinin wayar caji ofis ta yi ƙara. Kofur ta ɗauka, ta saurara, sannan ta rufe bakin wayar da tafin hannu.

"Yallaɓai, an yi kisa a gidan shan shayin nan mai lambu. Gawa talatin da uku."

Sufeto ya dire kofinsa. "Talatin da uku?"

"Kifi ne, yallaɓai."

Bai yi dariya ba. Abokan aiki suna kiransa Ba-Gaggawa, don yakan tsaya kallon ƙofa minti biyar kafin ya shiga ɗaki. Shekara ashirin yana aiki bai taɓa tura marar laifi bayan kanta ba, kuma ba ya jin kunyar faɗin haka, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Ya ɗauki hularsa suka fita.

Tafkin kifin na siminti ne, a tsakiyar lambu, tebura kewaye da shi. An kwashe kifin an jera su a kan buhu: jajaye, farare, masu ruwan zinare, wasu sun kai tsawon hannu. Hajiya mai wurin tana zaune a kujera, idonta ya yi ja. Marigayi mijinta ne ya gina tafkin, shi ya zuba kifin farko da hannunsa.

Wani matashi mai riga mai dogon hannu ya taro su. Shi ne manaja, ɗan ƙanen Hajiya.

"Yallaɓai, ai ba sai kun wahala ba. Ga mai laifi can." Ya nuna wani tsoho da ke tsaye a gindin bishiya. "Mai lambunmu ne. Ranar Asabar ya yi feshin maganin ƙwari, jiya Lahadi ba ma buɗewa, yau da safe sai wannan. Ga tankin feshinsa ma ya yar a bakin ruwa. Tsufa ne kawai."

Yana magana yana murza wuyan hannunsa da gefen tebur.

Tsohon nan, Baba kowa ke kiransa. Yana tsaye a miƙe, hannuwansa a baya, kamar soja a fareti. Shekara ashirin da shida yana kula da wannan lambu. Yau ga shi ana nuna shi da yatsa a gaban ma'aikatan da aka haifa yana nan.

"Kifi nawa ne a tafkin, Hajiya?" in ji Sufeto.

"Arba'in cif."

"A nan talatin da uku ne," in ji Kofur.

Manaja ya tafa hannu. "Kin ji ko, Gwaggo? Ashe har da sata. Ya kwashi bakwai ya sayar, ya kashe sauran don kada a gane!"

Hajiya ta dubi tsohon. "Baba, ina bakwai?"

"Zan faɗa, Hajiya. Amma ba yanzu ba."

Ta kawar da kai. Wannan kawar da kan ya fi duk maganar manaja yi wa Baba ciwo, kowa ya gani a fuskarsa.

Sufeto ya bar su ya tsuguna a bakin tafkin. Ya daɗe a nan, har Kofur ta fara tunanin ko gwiwa ce ta riƙe. Can ya yafito ta.

"Me kike gani a jikin furen nan?"

"Gizo-gizo, yallaɓai. Da saƙarsa."

"Yana da rai?"

Ta taɓa saƙar da biro, gizo-gizon ya ruga. A ƙarƙashin ganye ga wata koriyar tsutsa tana cin abincinta hankali kwance, ga tururuwa suna hawa suna sauka.

"To, feshin da ya tsallake gizo-gizo da tsutsa a bakin ruwa, ya je ya kashe kifi a ƙarƙashin ruwa, wane irin feshi ne?"

Kofur ta rubuta. Sufeto ya buɗe tankin feshin ya sunsuna. A bushe yake ƙarau, ko ƙamshin magani babu.

Ya kira Baba gefe. "Gaya mini yadda kake feshi. Kada ka tsallake komai."

A nan bakin tsohon ya buɗe, muryarsa ta canza.

"Ranka ya daɗe, da farko ina ɗaura ƙyalle a kan sanda in ga inda iska ta nufa. In ta nufi ruwa, ranar babu feshi, ko ƙwari za su cinye lambun duka. In ta ba ruwa baya, sai in kashe injin da ke hura wa kifi iska, don kada ya zuƙo magani ya kai musu. Sai in rufe tafkin da tamfal, in danne gefe da bulo. Taku goma daga bakin ruwa ba na fesa komai, da hannu nake tsince ƙwarin wurin. In na gama, tanki sai na wanke shi sau uku a ramin bayan sito, in rataye shi a ƙusa. Ni in ajiye tanki a bakin tafki? Ko a mafarki."

"Kifi nawa suka taɓa mutuwa da magani a hannunka?"

"Ko ɗaya." Ya ɗaga haɓa. "A tambayi kowa."

"Bakwai ɗin fa?"

"Ka kama wanda ya yi tukuna, ranka ya daɗe. Sannan in nuna maka."

Wani sufeton da ya daka masa tsawa. Ba-Gaggawa kuwa sai ya gyaɗa kai. Ya san girman kan mai sana'a in ya gan shi, don shi ma yana da nasa.

Mai gadi yana ɗakinsa na bakin ƙofa, yana ta gyaran tocila da ba ta lalace ba.

"Wa ya shigo jiya?"

"Babu kowa, yallaɓai. Ko kaza."

"Ranar Asabar an rufe tafki?"

"Ban lura ba."

Kofur ta nuna tafin hannunsa. "Wannan shuɗin fentin fa? Irin na tamfal ɗin can ne da ke zuba."

Mai gadi ya dubi hannunsa kamar yau ya fara ganinsa. "Af, to, na tuna. Ni na riƙe wa Baba gefe ɗaya. An rufe, har da bulo."

"Madalla, tunani ya fara dawowa," in ji Sufeto. "Zo ka ga wani abu."

Ya kai shi bayan tafkin. A kan siminti akwai layin jan alli da lambobi, ga turaku huɗu an kafa a cikin ciyawa.

"Baba ba ya aiki da alli. Wannan awon magini ne. Kazar da ba ta shigo ba ce ta yi?"

Mai gadi ya share gumi. "Yallaɓai, ina da iyali. Manaja ne ya ce in na buɗe baki in nemi wani aikin. Jiya da rana ya zo da magini, suka yi ta awo. Wai za a cike tafkin a yi wurin ajiye motoci. Magini ya tafi, shi ya tsaya."

"Ya yi me?"

"Ban gani ba, wallahi. Na dai ji famfo yana ta zuba, ya daɗe yana wanke hannu."

Daga nan Sufeto ya sa Baba ya buɗe musu sito. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, amma ya fi ofishin Sufeto tsari. Jan bokiti na magani a hagu, shuɗin bokiti na kifi a dama, kowanne da ƙusarsa. Safar hannu ta roba tana rataye a bushe. Kwalaben magani suna jere a kan kanta, kowace an naɗe bakinta da leda an ɗaure da roba, sai guda ɗaya. Ita murfinta a karkace yake, jikinta da danshi, a ƙasa kuma ga matattun tururuwa sun yi baƙi.

"Ranar Asabar a cike take, ban ma taɓa ta ba," in ji Baba. "Yanzu ga shi saura kaɗan. Cokali ɗaya na wannan ya isa ya gama da tafkin nan."

"Wa ke da makulli?"

"Ni, sai manaja."

"In ya zuba a hannu fa?"

"Ai shi ya sa nake sa safa. Fata takan kwana biyu tana ƙaiƙayi da zugi kamar an shafa barkono. Ruwa ba ya kashe shi, ƙara tayar da shi yake yi."

Sufeto da Kofur suka dubi juna. Kofur ta sa kwalbar a leda.

Aka tara kowa a bakin tafki. Sufeto ya ja kujera ya zauna, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Manaja, ina kake jiya da rana?"

"Ina gida. Ban leƙo nan ba sam."

"Hajiya, an taɓa yi miki maganar cike tafkin nan?"

"Sau uku yaron nan yana kawo mini ita. Na ce masa muddin akwai kifi mai rai a ciki, ba mai taɓa shi."

"Muddin akwai kifi mai rai," in ji Sufeto a hankali. "Baba, miƙo hannunka."

Baba ya miƙa. Hannu ne mai kaushi, duk kanta, amma lafiya lau.

"Manaja, naɗe hannun rigarka."

"Yallaɓai, wannan ai wulaƙanci ne. Gwaggo, kina ji?"

"Naɗe," in ji Hajiya.

Ya naɗe. A hannun dama, daga yatsu har wuyan hannu fatar ta yi ja, duk sawun farce.

"Sauro ne," in ji shi.

"Sauron da ya ciji hannun dama kaɗai, ya tsaya daidai inda kwalba ke zuba? Mai gadi ya gan ka da magini. Turakunku suna nan. Makullin sito biyu ne. Ka ɗauko tanki ka ajiye a bakin ruwa don a ce Baba ne, ba ka san wankakke ne ba. Ka buɗe kwalba ba safa, don ba ka taɓa tsayawa ka ga yadda ake aikin ba. Za mu kai kwalbar a duba sawun yatsu, mu kai ruwan a gwada. Ko za ka rage mana hanya?"

Manaja ya dubi ƙofa, ya ga Kofur a tsaye. Sai ya zube a gaban Hajiya.

"Gwaggo, ni ne. Masu motoci suna wucewa don ba wurin tsayawa, ke kuma kin ƙi ji. Na ce kifi ne kawai, in sun mutu shi ke nan."

"Shi kuma Baba?" in ji Hajiya. "Shi ma kifi ne kawai? Mutumin da ya goya ka a lambun nan?"

Kofur ta sa wa manaja ankwa, a hankali, saboda hannun.

"Saura bakwai, Baba," in ji Sufeto.

Tsohon ya wuce gaba suka bi shi. A bayan sito, ƙarƙashin inuwa, akwai wani babban duro an rufe shi da raga, an jingina masa tsofaffin katakai. Ya janye ragar, ya ƙwanƙwasa gefen duron sau uku. Ruwa ya motsa. Wani ƙaton jan kifi mai farin goshi ya taso yana buɗe baki, shida suna biye da shi.

Hajiya ta dafe ƙirji. "Mai Gari! Wanda Alhaji ya fara zubawa!"

"Duk ranar da zan yi feshi, sai na kwashe bakwai na ajiye a nan kwana uku, maza da mata," in ji Baba. "Ko da tamfal, ko da komai. Shekara ashirin da shida ina yi, ba a taɓa bukatarsu ba sai yau. Da na faɗa da safe, mai kwalba yana tsaye yana ji, kuma da saura a kwalbar."

Hajiya ta fashe da kuka. "Baba, ka yafe mini. Na yi zarginka."

"Ya wuce, Hajiya. Amma da kin tambaye ni a keɓe."

Sufeto ya sa hularsa, ya ƙame, ya sara wa tsohon. Kofur ba ta taɓa ganin ya yi wa wani haka ba in ba babba a wurin aiki ba.

Da za a fita da manaja, sai da aka bi da shi ta gaban duron, don Sufeto ya ce wannan hanyar ta fi kusa, alhali ba ta fi ba. Manaja ya tsaya ya kalli kifin bakwai suna juyi.

Baba bai ko dube shi ba. Ya riga ya tuge turakun magini ya jefar gefe, ya ɗauko shuɗin bokiti.

"Mai gadi, zo ka kama mini. Sai mun zubar da ruwan nan a rami, mun wanke simintin sau uku. Masu gida za su koma ɗakinsu."