Sunaye Uku a Marfin Tirela

Ranar da Nisrin ta fara shiga garejin Ziyad a unguwar maƙera ta birnin Zarƙa, tef ɗin awo ne a hannunta, fuskarta kuma babu alamar wasa. Ziyad yana durƙushe yana walda. Ya ɗaga marfin fuskarsa don ya ga wanda ya tare masa haske, sai ya manta da sauke shi.

"Kai ne mai gyaran tireloli?" ta tambaya.

"Ni ne."

"To kashe wutar nan tukuna, wandonka na hayaƙi."

Da gaske ne kuwa, yana hayaƙi. Haka soyayyar ta fara, da ƙaurin tsumma.

Nisrin malamar kimiyya ce a makarantar 'yan mata. Mahaifinta, Saje Mifleh, wanda kowa ke kira Abu Mishal, tsohon direban soja ne. A tsakar gidansu akwai wata ƙaramar tirelar soja mai ƙafa biyu, irin wadda ake ɗaura wa mota a baya. Ya saye ta a gwanjo shekarar da ya yi ritaya, ta kuma zauna nan shekara ashirin kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Tun rasuwar matarsa Saje ya daina fita. Nisrin ta ƙudura sai ta mayar da tirelar ta zaman daji, da tanti a samanta da tankin ruwa da wurin girki, ta kai shi saharar Azraƙ a watan Maris, lokacin da ciyawa ke fitowa.

Da Ziyad ya zo jan tirelar, Saje ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Ka yi soja?"

"Ban yi ba, Kawu."

"Na gani a tafiyarka. Ka gyara ta, amma kada ka canza mata hali."

Ziyad ya ce to, bai kuma tambayi ma'anar maganar ba. Da ya tambaya da ya huta.

Aikin ya ɗauki wata biyu, ko da yake na wata ɗaya ne. Ya cire zoben ƙarfen soja ya sa mahaɗin da ya dace da motar gida. Ya zare wayoyin wuta duka, domin fitilun soja ba sa ci da batirin ƙaramar mota. Ya canza tayoyi da birki. Nisrin kan biyo bayan tashi daga makaranta, wai ta zo duba awo. Sau shida ta auna wurin tankin ruwa, bai kuma ƙaru ba bai ragu ba.

Ya raɗa mata suna Mai Awo, ita kuma tana ce masa Mai Hayaƙi. Wata rana da azahar ya aika mata saƙo:

"Mai Awo, yau garejin ya yi mini faɗi. Ko za ki zo ki auna abin da ya ɓace?"

Ta amsa: "Ina aji, Mai Hayaƙi. Yara na tambayata dalilin murmushina, na ce musu lissafi ne ya fita daidai."

Amma Saje ne babbar damuwar Ziyad. A Zarƙa ba a neman aure da baki ɗaya. Dattawa ake tarawa, a tafi gidan uban yarinya, a ajiye wa babbansu kofin gahawa, ya ƙi sha har sai uban ya ce ya bayar. Girman tawagar shi ne girman mai nema. Ziyad kuwa maraya ne. Daga mahaifiyarsa sai wani kawu mai hawan jini a Aƙaba. Ga kuma Talal, ɗan ƙanin Saje, mai shagon sayar da sababbin tantuna, wanda ke iya cika layi da motocin dangi in ya ga dama. Talal bai ɓoye wa kowa cewa yana son Nisrin ba.

Da ta gwada ambaton Ziyad a gida, Saje ya ce, "Yaron yana da hannu, ban musa ba. Amma wa zai zauna a gabana ya roƙa masa? Injin waldarsa?"

"Baba, mutum ne nake so, ba layin motoci ba."

"Bari mu ga tirelar tukuna."

Saboda haka Ziyad ya zuba duk ransa a kan tirelar. Ya so ta fita tana ƙyalli yadda Saje zai rasa abin cewa. Wata Alhamis ya kwance marfin baya, wanda yake so ya mayar teburin girki, ya kwantar da shi a kan benci. Cikin marfin duk tsatsa ne da tsohon man inji da karce-karce. Ya kunna injin kankara ya fara daga sama, yana jin daɗin yadda farin ƙarfe ke fitowa.

Bai ji shigowarta ba. Sai gani ya yi ta fizge wayar injin daga bango.

"Ziyad, me ka yi?"

Rabon da ta kira shi da sunansa har ya manta. Ta sa gefen mayafinta ta goge ƙasan marfin, sai ga rubutu ya bayyana, sunaye biyar da aka karce da ƙusa, kowanne da hannu daban. A sama, inda injin ya bi, babu komai sai ƙarfe mai santsi.

"Takwas ne," ta ce. "Su takwas suka yi hunturu biyu a bakin iyaka, wannan tirelar ce ke ɗaukar musu ruwa da abinci. Kowa ya rubuta sunansa. Saboda marfin nan Baba ya saye ta."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Kowa ya sani. Duk gidan soja an san ba a taɓa cikin marfi."

"Ni ba ɗan gidan soja ba ne, Nisrin."

Ta ajiye wayar injin a kan benci. Shi kuma ya zauna a kan taya.

Ya so ya je ya faɗa wa Saje da bakinsa, amma an riga shi. Talal ya leƙo garejin da la'asar, ya gani, ya girgiza kai kamar mai jaje, kafin magariba labari ya isa gida. Washegari Saje ya zo da sandarsa. Bai yi faɗa ba, abin da ya fi tsorata Ziyad ke nan. Ya daɗe yana shafa wurin da aka kankare.

"Nawa ba komai," ya ce a hankali. "Na Daifalla ma ba komai, yana raye. Amma Salama ya rasu shekara goma sha ɗaya. Nan ne kaɗai rubutunsa ya rage mini."

"Kawu, ka yafe mini. Ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba. Ka gama aikinka ka kawo mini kayana. Maganar ɗiyata kuma ka bar ta."

Kwana huɗu Nisrin ba ta aiko da komai ba. Ziyad ya duba wayarsa har yatsansa ya gaji. A rana ta biyar saƙo ya shigo:

"Baffa ya zo nema wa Talal aurena. Baba ya ce sai bayan Maris zai ba da amsa. Ni na riga na ba da tawa, na ce a'a. Amma ba zan yi aure Baba yana fushi ba, ka san haka. Ina jin tsoro, Mai Hayaƙi."

Ya karanta ya fi sau goma. Sannan ya ɗauko fitila ya haska sunaye biyar ɗin da suka tsira. Huɗu suna ne kawai. Na biyar ya ƙara da garinsu: Jiryis, Karak.

Ya rufe garejin, ya naɗe marfin a bargo, ya kama hanyar kudu. A Karak masu suna Jiryis ba su ƙirguwa. Ya sha shayi a shago bakwai kafin wani mai gasa burodi ya ce, "Tsohon sojan nan mai kunne ɗaya? Bayan coci, ƙofa mai shuɗin fenti."

Jiryis ya buɗe bargon, ya ga sunansa, ya cire tabarau ya goge ido. Da ya ji abin da ya faru sai ya dubi Ziyad.

"Kai ne jakin da ya yi wannan?"

"Ni ne, Kawu."

"Kuma Mifleh ya bar ka da rai? Lallai ya tsufa. Me kake so?"

"Ina so waɗanda na goge su sake rubutawa da hannunsu."

"Saboda tirela kake wannan yawon?"

Ziyad ya sunkuyar da kai. Tsohon ya yi dariya har da tari, ya kira matarsa ta ɗauko masa kwat.

Jiryis ne ya kai shi Mafraƙ wurin Daifalla, wanda hannunsa ke karkarwa har sai da aka riƙe masa marfin. Ya yi rabin awa yana karce haruffan sunansa, yana zagin ƙusar. Daga nan su uku suka nufi wani ƙauye kusa da Madaba, inda ɗan Salama, Hamdan, ke kiwon tumaki. Hamdan ya ƙi da farko.

"Hannuna ba hannunsa ba ne. Za ku yaudari tsoho?"

"Ba yaudara ba ce," in ji Ziyad. "Abin da na ɓata ba zai dawo ba, na sani. Ina so dai sunan ya koma wurinsa ta hannun jininsa."

Hamdan ya shiga ɗaki ya fito da wata tsohuwar wasiƙar mahaifinsa. Ya ajiye ta a gefe, yana kallo yana kwaikwayo.

A hanyar dawowa Jiryis ya tambaya, "Wa zai je maka neman auren?"

"Kawuna na Aƙaba, in jikinsa ya bari."

"Shi kaɗai?" Ya juya ya dubi Daifalla. "Kai, tsohon banza, kana da aiki ranar Juma'a?"

Ziyad ya aika wa Nisrin: "Mai Awo, ki roƙi Baba ya karɓi baƙi ranar Juma'a bayan la'asar. Zan kawo tirelar. Kada ki tambaye ni komai, ni ma ƙirjina bugawa yake."

Ranar Juma'a mota ɗaya ce tak ta tsaya a ƙofar gidan Saje, tana jan tirela mai sabon fenti. Talal yana tsaye a bakin ƙofa, ya ƙirga mutanen da ido ya taɓe baki. Mutum huɗu ne, ban da Ziyad. Amma da Saje ya ga wanda ke fitowa daga gaba, sai sandarsa ta faɗi.

"Jiryis?"

"Ka ƙara muni, Mifleh."

Aka zauna. Aka zuba gahawa aka miƙa wa Jiryis, ya ajiye kofin a gabansa bai kai baki ba. Nisrin tana bayan labule, ta cusa yatsu a baki. Ziyad yana kallon tururin kofin yana raguwa.

"Mun zo roƙon ɗiyarka Nisrin wa ɗanmu Ziyad," in ji Jiryis.

"Yaushe ya zama ɗanku?"

"Tun ranar Talata."

Saje bai yi dariya ba. Hamdan ya shigo da marfin ya jingina a gabansa, ya ce, "Ni ne ɗan Salama, Kawu. Ni na rubuta."

Saje ya matso da fuskarsa. Ya bi sunan da yatsa, harafi bayan harafi. Tururin kofin ya ɗauke gaba ɗaya. Ziyad ya tabbata ya rasa ta.

"Ka yi ƙoƙari," Saje ya ce wa Hamdan daga ƙarshe. "Amma na ubanka ya fi wannan muni." Ya sake duban marfin. "Bakwai ne. Ina na takwas?"

Ziyad ya taso ya durƙusa, ya miƙa masa ƙusa da hannu biyu. "Wurin yana nan, Kawu. Babu mai rubuta shi sai kai."

Saje ya daɗe yana kallon ƙusar. Sannan ya karɓa, ya ɗora marfin a cinyarsa, ya fara karcewa. Babu wanda ya yi motsi har ya gama. Ya hure ƙurar ƙarfen, ya miƙa wa Ziyad ƙusar, ya dubi Jiryis.

"Sha gahawarka. Na ba ku."

"Ta huce."

"Sha a haka. Ka sha wadda ta fi ta sanyi a bakin iyaka."

Daga bayan labule aka ji guɗar gwaggon Nisrin. Talal ya karanta Fatiha tare da kowa, ya fita bai jira kunafa, kayan zaƙin da ake rabawa, ba.

An ɗaura aure a farkon Maris, aka ci mansaf, shinkafa da naman rago, har da maƙwabtan layi uku. Bayan mako biyu tirelar ta isa Azraƙ, ciyawa ta rufe ƙasa. Tsofaffin uku suka zauna a inuwar tanti suna musu a kan wanda ya fi yin minshari shekara arba'in da suka wuce. Nisrin ta sauke marfin, wanda yanzu Ziyad ya rufe da gilashi, ta ɗora butar shayi a kai.

"Mai Hayaƙi, teburin nan ya karkace kaɗan."

"Ɗauko tef ɗinki, Mai Awo. Ba inda za ni."

Saje yana jin su. Ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya mai yawa, yadda jikana ba zai rasa masu zuwa roƙa masa ba." Jiryis ya riga kowa cewa amin.